Ranar da Totur Ya Yi Tsere da Ƙwan Hajiya

A shagon Mai aski kujerar aski ɗaya ce tak, amma benci biyu ne, domin masu zuwa gardama sun fi masu zuwa aski yawa. Akwai talabijin a manne saman madubi. Duk ranar da ake nuna babban tseren motoci na duniya, wanda tsautsayi ya kawo shi aski sai ya yi haƙuri da rabin kai har motoci su tsaya.

Gardamar kuwa ɗaya ce, ba ta tsufa, ba ta mutuwa: a cikin direbobin nan duka, wane ne ya fi cika direba?

Mai aski yana bayan wani da suka laƙaba wa Mai Ja, saboda launin motarsa. Tela, wanda shagonsa ke jikin na Mai aski, yana bayan wani dattijon direba da suke kira Tsoho.

"Gudu shi ne tsere," in ji Mai aski, yana nuna talabijin da tsinin almakashi. "Mai Ja in ya samu miƙaƙƙiyar hanya, ko inuwarsa sai dai ta same shi a gida."

"To a yi ruwa mana," in ji Tela. "Ɗan yayyafi kaɗan, sai ka ga mutuminka yana juyi a tsakiyar titi kamar katantanwa. Tsoho kuwa ruwa da rana duk ɗaya ne a wurinsa. Ga shi da lallaɓa taya."

"Lallaɓa taya! Tsere aka zo ko reno?"

"Wanda ya ƙare shi ya yi tsere. Naka sau nawa aka jawo shi da igiya?"

Daga ƙarshen benci aka yi wata dariya, irin wadda babba ke yi in ya ji yara suna musun wa ya fi tsawo. Totur ne.

Totur direban motar ƙwai ne a gonar kajin wata Hajiya. Ya yi shekaru yana wannan aiki bai taɓa fasa ƙwai ko ɗaya ba, dalilin kuwa a fili yake: ba a taɓa ganin ƙafarsa ta danna totur da gaske ba, shi ya sa ma aka laƙaba masa sunan. Masu keke suna wuce shi. An taɓa ganin mai tura baro ya biyo bayansa yana yi masa hon da baki. Amma in ya zauna a bencin Mai aski ya harɗe ƙafa, duk duniya babu kwanar da bai san sirrinta ba.

"Ku biyun nan tausayi kuke ba ni," ya ce. "Mai Ja rabin direba ne. Tsoho ma rabin direba ne. In aka haɗa su aka ɗinke, Tela, wataƙila a samu direba ɗaya, shi ma sai an yi ciko."

"To fa. Malam ya buɗe makaranta," in ji Mai aski.

"Cikakken direba sai ya haɗa komai. Ƙafa mai nauyi, hannu mai taushi. Ya iya rana, ya iya ruwa. Ya san lokacin wuce mutum, ya san lokacin shiga a canja masa taya, kuma kansa a sanyaye kamar randa. Ku ba Mai Ja kiret ɗaya na ƙwai ya kai shi bakin titi mu gani. Ku ce wa Tsoho gidansa ya kama da wuta, mu ga ko zai isa kafin a gama sabon gini."

"To wa ya haɗa duk wannan?" Tela ya tambaya.

Totur ya dubi farcensa, ya hura shi. "Ni dai ba na son yabon kai."

Shago ya kwashe da dariya. Mutumin da ke kan kujera da rabin kai har da buga ƙafa.

"Kai?" in ji Mai aski. "Kai da shekaranjiya na wuce ka a ƙafa, na tsaya na gaisa da surukina, ka zo ka wuce, na sake wuce ka?"

"Riƙe motar nake yi. Ka san wahalar riƙe zaki a keji? Abin da ke cikin ƙafar nan tawa, da zan sake shi rana ɗaya, da kun daina kallon talabijin."

"To sake shi mana."

"Gani ya kori ji," in ji Tela.

A nan ne ya kamata Totur ya ce yana da uzuri, ya tashi. Amma idanun shago duka suna kansa, shi kuwa mutum ne da in ana kallonsa bakinsa ba ya jin birki. Ya miƙe, ya bugi ƙirji, ya ce ranar da kasuwa ba ta ci a haɗu a filin bayanta. Zai nuna musu gudu, da ruwa, da wuce mutum, da canjin taya, duk a zama ɗaya, kuma motar cike da ƙwai har rufi. In guda ɗaya ya tsage, ya yarda a aske masa gira.

A gida matarsa ta same shi zaune a bakin gado, ya riƙe murfin babbar tukunyarta da hannu biyu, yana karkata hagu da dama yana gurnani.

"Baban yara, murfin nan nake ta nema tun ɗazu."

"Kauce, kina tsaye a kan kwana."

"Na ji abin da ka je ka faɗa a shagon aski. Matar Tela ta gaya mini, tana dariya har da riƙe ciki. Da ƙwan wa za ka yi wannan abin?"

"Na Hajiya mana. Ranar akwai kayan da zan kai gidan burodi. In biya ta fili, in rufe bakin mutanen nan, in wuce in sauke musu. Babu wanda zai sani."

"Gidan burodin da Hajiya ta ce su ne ƙashin bayan gonarta? Baban yara, wanda ya ɗauko ƙwai ba ya shiga filin kokawa. Aikin nan da shi muke ci."

"Ke ba ki san mijinki ba."

"Sanin da na yi masa ne ya sa nake magana. Ba ni murfina."

Shiri ya kankama. Tela, duk da yana cikin masu musu, ya ce ba zai bari a yi abin ba tsari ba, ya ɗinka masa rigar tsere mai haɗe da wando daga ragowar wani yadin labule mai manyan furanni. Da Totur ya ce direbobin talabijin rigunansu cike suke da tambarin kamfanoni, Tela ya yanko hoton zakara daga buhun abincin kaji ya ɗinka masa a ƙirji. Mai faci ya kawo tsofaffin tayoyi aka jera su, aka fitar da hanya mai kwana biyu da miƙaƙƙiya ɗaya, ya kuma ara masa wata hular kwano da wani mai babur ya manta a wurinsa. Mai wankin mota ya yarda zai tsaya a kwana ta biyu da tiyonsa, shi ne ruwan sama. Mai askirim da kekensa mai ƙafa uku, shi ne abokin hamayyar da za a wuce. Mai aski kuma shi ne mai ɗaga tuta, da tawul ɗin shago, kuma shi ne injiniyan da zai riƙa yi wa direba magana a kunne.

Ranar da safe fili ya cika maƙil, domin labari ya zaga. Totur ya shigo da motar ƙwai a irin tafiyarsa ta kullum, yara suna rakiyarsa a ƙafa ba tare da sun yi haki ba. Motar irin mai rufaffen bayan nan ce da babu katanga tsakanin direba da kaya, kiret-kiret na ƙwai an jera su tun daga ƙofar baya har ƙeyarsa.

Ya fito cikin rigar furanni, ya ɗaga wa jama'a hannu. Mai aski ya kira wayarsa, wata 'yar ƙarama mai madannai, ya amsa, ya manna ta a kunne, Mai faci ya ɗora masa hular kwano. Hular ta tsaya a goshi.

"Ta yi kaɗan," in ji Mai faci.

"Kan ne ya yi yawa," in ji Tela. "Ilimi ne a ciki."

"Danna!" in ji Totur.

Mai faci ya haɗa hannu biyu ya buga mata ta sama kamar mai zaunar da taya a kan ƙarfe. Hula ta shige da wata ƙara, kumatun Totur suka tattaru suka turo bakinsa gaba kamar na kifi. Ya ɗaga babban yatsa. Ya saka safar roba ta wanke-wanke da ya ɗauko a ɓoye daga kicin, ya ɗaga ƙafa zai shiga mota, sai aka ji ƙeeet! Rigar ta rabe daga tsakiyar baya har inda ba a faɗa.

"Tela!"

"Wurin shigar iska ne. Su ma na talabijin akwai shi, ba a nunawa ne."

Ya zauna. Mai aski ya tsaya gaban mota, waya a kunne, tawul a sama. Totur ya taka totur a karon farko a rayuwarsa, injin ya yi wani kuka da shi kansa bai san motar tana da shi ba. Numfashinsa ya rufe gilashin hula da tururi. Tawul ya sauka. Ya kai hannu da santsin safa ya cusa giya, ya saki kuloci.

Mota ta zabura da baya.

Masu tsaye a bayanta suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ta je ta daki tulin tayoyi ta mutu. Daga cikin kaya aka ji wata 'yar siririyar ƙara: ƙwas.

"Me na ji?" in ji muryar Mai aski a kunnensa.

"Ƙashin bayana ne. Wannan ja da baya dabara ce, rago in zai yi karo ai baya yake fara ja."

Ya sake tayar da ita, ya laluba giyar gaba, ya tafi. Ya sa ta biyu. Ya sa ta uku, wadda rabonsa da ita har ya manta inda take. Allurar gudu ta haura wani wuri da bai taɓa ganin ta ba, tayoyin da aka jera suka fara wucewa fuu, fuu. Kwanar farko ta taso masa. Ya runtse ido ɗaya, ya murɗa sitiyari yana salati, kuma cikin ikon Allah mota ta sha kwanar lafiya lau. Jama'a suka yi ihu.

Da ya ji ihun nan, duk tsoron ya koma kai ya zama girman kai.

"Kun gani?" ya yi tsawa cikin hula. "Ina Mai Ja?"

"Taka!" in ji Mai aski. "Taka ta har ƙasa, haka Mai Ja ke yi!"

Sai aka ji kokawa a waya, muryar Tela ta shigo. "Kar ka biye masa! Lallaɓa taya! Sassauta!"

"Ba ni wayata! Taka!"

"Birki!"

"Taka!"

Totur, da yake cikakken direba ne, ya bi shawarar kowa. Ya taka totur, ya taka birki, ya taka totur, ya taka birki. Mota ta riƙa tsalle a fili kamar kwaɗo, kiret-kiret suna tafi a bayansa. Wani ƙwai ya gangaro ta kan kafaɗarsa ya sauka a cinyarsa ya baje. Ya dube shi, ya rufe wurin da hannu ɗaya, ya ci gaba.

Can gaba ga Mai askirim yana taka kekensa a tsakiyar hanya. Lokacin wuce mutum ya yi. Totur ya gyara zama, ya tuna yadda na talabijin ke yi: a matso, a yi kamar za a bi dama, a zille ta hagu. Ya matso. Ya yi kamar zai bi dama. Daidai nan wata tsohuwa daga cikin 'yan kallo ta ɗaga hannu, Mai askirim kuwa, da yake kasuwa ta fi masa tsere, ya ja birki ya tsaya cak ya buɗe akwatinsa.

Totur ya danne birki da ƙafa biyu. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

Kafin ya ja numfashi masu saye sun yanyame keken, hagu da dama babu hanya. Ya danna hon. Babu wanda ya waiwayo. Ya leƙo da kan hula ta taga.

"Malam, tsere muke yi!"

"Na sani, ranka ya daɗe, yanzun nan. Mai madara za ka sha ko mai lemo?"

"Ka kauce mini!"

"To ai ka ce za ka wuce ni. Ga ni a tsaye, wuce mana. Ko sauƙin ne ya yi yawa?"

Sai da layi ya ragu sannan Totur ya raɓa ta gefe a hankali, yana ba wata mata haƙuri ta janye ƙafarta. Yana wucewa ya ce a waya, "A shaida. Na wuce shi ta waje, wurin da ya fi wuya."

Saura ruwan sama. Ya tuna gilashin tagarsa a sauke yake, ya kai hannu zai ɗaga, mariƙin ya zo masa a hannu. Mai wankin mota kuwa ya daɗe yana jira, ya riga ya jiƙa kwanar har ta zama taɓo. Da ya ga mota ta nufo shi da ƙura a jikinta, sana'a ta motsa. Ya watsa mata bokitin kumfa a gilashin gaba, sannan ya saki tiyo da dukkan ƙarfinsa. Ruwan ya bi ta taga, ya sami Totur a wuya, ya haura cikin hula ta ƙasa.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Totur ya kunna abin share gilashi, na gefen fasinja kaɗai ya motsa, ya share wurin tas, inda babu kowa. Shi kuwa gabansa fari fat. Ya murɗa sitiyari inda yake zaton kwana take. Mota ta shiga taɓo, bayanta ya zagayo ya zama gaba, ta yi juyi ɗaya, ta ƙara wani, Mai wankin mota yana bin ta da tiyo yana cewa, "Tsaya, saura bayan!"

Da ta gaji ta tsaya, sai ga hancinta yana kallon hanyar da ta dace. Jama'a suka ɗauka da gangan ya yi, fili ya ɗauki tafi. A bayan Totur kuwa wani abu yana ɗiga, ɗis, ɗis. Wayar ta yanke.

Yana fita daga taɓo wayar ta hau ruri a cikin hula, ƙarar tana zaga ƙwaƙwalwarsa. Babu ta inda hannu zai shiga. Ya dunƙule hannu ya naushi gefen hular, sau ɗaya, sau biyu, har kumatunsa ya danne madanni. Wata murya ta yi magana, amma kunnensa cike yake da ruwa da kumfa, abin da ya ji kawai gunaguni ne. Shi kuma ba sauraro ya dame shi ba.

"Kai Mai aski, rufe baki ka saurara! Gaya wa duk wanda ke filin bayan kasuwar nan ya buɗe idonsa, yanzu zan nuna musu gudu! Ƙwai kuma 'yan kaɗan ne suka fashe, kar ka gaya wa Tela. Hajiya ma ba za ta taɓa sani ba, in ce mata kajin ne suka yi su da taushi. Ita me ta sani a mota ban da zama a baya?"

Ruwan kunnensa ya ɗan tsiyaye. Muryar ta ce a hankali, "Ina zuwa."

"A'a, kar ka zo! Tsaya inda kake da tawul ɗinka!"

Ya shiga wurin canjin taya ya tsaya. Mai faci ya cusa jak a ƙarƙashin bayan mota ya hau bugawa. Tela ya durƙusa yana taya shi. Duk notin da Mai faci ya kwance sai ya miƙa masa, Tela kuwa, da yake ya saba riƙe allurai a baki in hannunsa na aiki, sai ya riƙa jera su tsakanin leɓɓansa.

"Sauri!" Totur yana buga ƙofa. "Na talabijin kafin ka ƙifta ido sun gama!"

"Na talabijin su ashirin ne, kuma ba tela a cikinsu!" in ji Mai faci.

Aka cire tsohuwar taya, aka zura wata a mazauninta. Mai faci ya miƙa hannu a ba shi noti. Daidai wannan lokaci Mai aski, wanda ya sha rana yana ta ihu a wayar da ta daɗe da mutuwa, ya ɗaga tawul sama zai goge zufar ƙeyarsa.

Totur ya ga tawul a sama.

Mota ta diro daga kan jak ta yi gaba. Mai faci ya faɗi zaune. Tela ya miƙe ya bi ta da gudu yana ɗaga hannuwa, yana "Mmm! Mmmm!", domin bakinsa cike yake da notuna, in ya buɗe ya haɗiye.

Totur ya hango shi ta madubi. "Ka ga Tela ya sallama," ya ce a ransa. "Har rawa yake yi."

Miƙaƙƙiyar hanya ta shimfiɗu a gabansa, can ƙarshenta layin da aka ja da toka. Ya danna totur har ƙasa. Iska ta shigo ta taga, ta shiga ta wurin da Tela ya ce na iska ne. Jama'a suna ihu suna nuna bayan motar, shi kuwa yana gyaɗa musu hula. Bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba.

Sai ya ga wani abu baƙi ya taso ta gefensa. Ya zo daidai tagarsa, ya jera da shi kamar mai gaisuwa, sannan ya yi gaba.

"Kai! Wa ya ba wannan izinin shiga tsere?"

Taya ce. Ita kaɗai, ba mota, tana gudu tana ɗan tsalle. Ya dube ta da kyau, ya ga kamar ya san ta.

Bayan mota ya zauna a ƙasa da wata irin ƙara, ƙarfe ya hau noma fili. Tayar kuwa ta miƙe sambal ta tsallake layin toka, Mai aski, da bai san abin da zai yi ba, ya kaɗa mata tawul. Motar ta karkace ta nufi tulin tayoyi. Totur ya taka birki, ya taka kuloci, ya taka duk abin da ƙafarsa ta samu. Ta daki tulin ta tsaya cak.

Kayan ne ba su tsaya ba. Tun daga ƙofar baya, kiret na tura kiret, duka suka taho gaba suka sauka a kan direba.

Sannan ƙofar mota ta buɗe, wani ruwa rawaya ya fara kwararowa, bayansa wata halitta ta fito da rarrafe, ɓawon ƙwai tun daga hula har takalmi, zakaran ƙirjinsa kaɗai ake iya ganewa. Ya miƙe, santsi ya kwashe shi, ya sake miƙewa ya riƙe ƙofa.

Dariyar da ta tashi, har masu shaguna a bakin titi sai da suka leƙo. Tela ya tofar da notuna a tafin hannu don ya samu ya yi tasa.

Ana cikin haka mutane suka dare gida biyu. Hajiya ce, waya a hannu, tana tafe a hankali irin tafiyar wanda ya riga ya gama yanke hukunci a hanya. A bayanta ga matar Totur, wadda ta ce ba za ta zo ba amma zuciya ta kasa zama.

Hajiya ta leƙa cikin mota. Ta dubi taɓo, ta dubi tayar da ta je ta kwanta can gindin katanga. Sannan ta dubi halittar.

"Direba, kai ne a ciki?"

"Ni ne, Hajiya. Barka da hantsi."

"Cire hular nan in ga idonka."

Ya ja. Mai faci ya zo ya ja. Mai wankin mota ya riƙe ƙugunsa aka ja. Hula ta ce ba inda za ta.

"Bar ta," in ji Hajiya. "Ta fi fuskar kunya. Kajina ne suke yin ƙwai da taushi, ko? Ni kuma ban san komai ba sai zama a baya?"

Sai yanzu Totur ya gane muryar da ya ji a waya. Ya juya ya dubi Mai aski, Mai aski ya nuna masa wayarsa a kashe, ya ɗaga kafaɗa.

"Masu burodi sun kunna wuta tun safe suna jira," in ji Hajiya. "Me zan ce musu? Su zo da cokali?"

Totur ya juya cikin mota kamar mai neman ramin shiga. Yana laluben ƙarƙashin kujera, hannunsa ya faɗa kan wani abu mai santsi, zagayayye, lafiyayye. Ya fito da shi. Ƙwai ne, ko tsagewa bai yi ba. Nan take ƙarfinsa ya dawo. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu kamar yadda ake ɗaga kofi a talabijin.

"Jama'a ku shaida! Gudu, ruwa, juyi biyu, tafiya da taya uku, karo! Ga shi ko ƙwarzane babu! Wane Mai Ja? Wane Tsoho? Waɗancan da suka fashe dama can masu rauni ne. Wannan shi ne ya san hannun da ya ɗauko shi!"

Wasu har sun fara tafi. Matarsa ta matso, ta karkata kai ta dubi ƙwan.

"Baban yara, wannan ai dafaffe ne. Ni na dafa maka da safe na sa a leda, na ce ka ci a hanya."

Wannan karon har Mai askirim sai da ya sauko daga keke ya zauna a ƙasa. Hajiya ta miƙa hannu, Totur ya ɗora mata ƙwan. Ta ƙwanƙwasa shi a kan hularsa, ta ɓare, ta ci a tsaye, kowa yana kallo. Da ta gama ta karkaɗe hannu, ta sake miƙa shi.

"Makulli."

Ya ba ta.

"Gobe ka zo gona. Akwai baro, akwai shebur, akwai ɗakunan kaji da ke son shara. Baron ƙafarsa ɗaya ce, sai ka kula kar ta wuce ka. In na ga hankalinka ya dawo, ma yi maganar mota."

Ta juya ta tafi. Matarsa ta cire mayafinta ta ɗaura masa a ƙugu ta rufe aikin Tela. Aka kama hanyar shagon mai walda a yanke hula, Mai aski a dama, Tela a hagu, ƙudaje a sama, rabin unguwa a baya.

Can daga cikin hula murya ta fito, a shaƙe.

"Ni fa tuƙina babu kuskure. Motar ce ba ta da ƙarfi. Ga ma'aikatan taya ba su san aikinsu ba. Injiniya kuma ya rikita ni. Da an ba ni mota irin ta Mai Ja..."

Mai aski ya tsaya. Ya leƙa ta gaban hular ya dubi Tela, Tela ya dube shi. Tun da aka kafa talabijin a shagon nan ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Tela, ka ji abin da na ji?"

"Na ji. Laifin mota, laifin masu taya, laifin injiniya."

"Ko a talabijin iyakar abin da suke faɗa ke nan in an fito da su daga cikin katanga."

Tela ya dafa kafaɗar Totur, ya janye hannunsa da sauri ya goge a wando.

"Mutumina, mun janye musu. Wannan fannin kam, ka cika direba."